Fatawar Kawu a Yashin Binuwai

Duk wanda ya zauna Yola ya san cewa idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, kogin Binuwai, wanda da damina yake cika ya batse, balle in an saki ruwan madatsar Lagdo da aka kammala a Kamaru a 1982, yakan janye jikinsa ya bar yashi shimfiɗe iyakar ganin ido. A irin wannan lokaci ne kawuna, mutum ma'abocin hujja da balaga, ya sayi tsohuwar Land Cruiser, ya ɗauko ni daga Yolde Pate domin ya nuna mini cewa motarsa ta wadatu ga barin kwalta.

Muka ratsa Jimeta, muka gangara gaɓa ta tsakanin itatuwan darbejiya, Kawu yana karantar da ni babin fowil, wai injin yakan raba ƙarfinsa ga ƙafafu huɗu bisa adalci, tamkar alƙali yana rabon gado. Bai kai ƙarshen sharhi ba motar ta cije. Ya taka totur, tayoyin baya suka duƙufa haƙa, na gaba kuwa ko gezau, har cikin motar ya zauna daram a ƙasa.

"Kawu, ko in sauka in tura?"

"Zauna, ɗana, jarrabawa ce."

Da azahar ta yi, ya ba da fatawar taimama, alhali ana hango ruwa, domin a mazhabarsa ta wannan yini, yashin da ke ƙona tafin ƙafa uzuri ne karɓaɓɓe.

Can sai ga wani yaro daga cikin masu loda wa tifa yashi, ya gaishe mu, ya tsuguna, ya murɗa wani makulli a cibiyar kowace tayar gaba, wanda in ba a murɗa shi ba, ashe ƙarfin injin ba ya isa gare su. Ya kuma ba da shawara a rage iska kaɗan, don taya ta baje ta daina nutsewa. Kawu, da yake bai iya rowa ba, ya sake ta kusan duka.

Muka fita lafiya, amma babu famfo, saboda haka muka rarrafo Jimeta, masu Keke NAPEP suna wuce mu suna yi mana jaje. Mai faci ya zagaya motar, ya riƙe baki.

"Alhaji, wane ne ya yi maka wannan ɓarna?"

Kawu ya gyara hula, ya ce, "Wani yaro ne marar tarbiyya."