Nasiha Ga Ɗan Gulbi Mai Niyyar Leƙa Ƙarƙashin Teku

Mutumin da ya tashi a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, idan aka ce masa bai san ruwa ba, lalle zai ga an ci masa fuska, kuma yana da hujja, domin gulbin Gagare da na Bunsuru, waɗanda ke gangarawa su gamu da gulbin Maraɗi su zama Rima, ba su taɓa barin yaron ƙasar nan ya girma ba tare da ya shaƙi ruwan damina ta hanci ba. Sai dai sanin da muka yi wa ruwa na lalube ne, gama da rani gulbi yashi ne da ake tonawa a ɗebi na sha, da damina kuwa ya zo jajawur, ɗauke da itace da karare, har mai nutso ya buɗe ido bai ga tafin hannunsa ba. Sarkawa ma, da ruwa ya zama gadonsu, da hannu suke gane tarwaɗa a cikin raminta, kuma jarumawan da ke faɗa wa gulbin Matan Fada da gora da homa a bikin Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, ba kallo ke kai su ƙasan ruwa ba, giwan ruwa suke nema. To, da yake a zamanin nan Allah yana hore wa 'yan'uwanmu da dama zuwa Umara ko fatauci, suna sauka a Jidda da teku shimfiɗe a gabansu, wasu kuma har su dangana da Zanzibar, na ga ya dace in tsara musu wannan nasiha, don kada a kai bakin wannan ni'ima a juyo da hoton igiyar ruwa kawai.

Hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Alhazan dauri da suka tafi a ƙasa, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur cikin shekaru, galibinsu daga tsibirin Sawakin suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma gidajen garin nan da dutsen murjani aka gina su, wato sun kwana cikin abin da teku ta ƙera, sun kuma ƙetare bisa gonakinta, alhali ba wanda ya ba su gilashin da za su leƙa. A wannan gaɓa ta Sudan ne Bafaranshen nan Jacques Cousteau, wanda shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙago na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa a 1943, ya kafa ɗakuna a Sha'ab Rumi a 1963, mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, Allah ya kawo ƙarshensa, ya toshe wannan ƙofa ga mai yawon buɗe ido, don haka mai niyya sai ya nufi gaɓar Jidda, ko tsibiran Farasan da ke daura da Jizan, ko kuwa arewacin Zanzibar, inda ake ɗaukar baƙi a kwalekwale daga Nungwi zuwa kewayen tsibirin Mnemba.

Sha'anin hawa biyu ne, kuma na farko ba ya bukatar komai sai gilashin fuska, da bututun numfashi, da takalman roba masu faɗi. Mutum yana kwantawa rubda-ciki a saman ruwa, fuska a ciki, bakin bututu a waje, yana numfashi ta baki yana kallo. A nan ne, Alhaji, za a fara rabuwa da girma, domin babbar riga da hula da agogon Makka duk a bakin gaɓa za su tsaya, kuma ɗan jirgin da bai kai sa'an ɗanka na fari ba shi zai umarce ka ka tofa yawu a cikin gilashi, ka goga da yatsa, ka ɗauraye. Ka bi shi, gama yawun ne ke hana gilashi yin hazo. Gemu ba ya hana komai, a bar shi yadda yake, amma gashin baki yana hana robar manne wa fata, ruwa ya dinga zirarowa har ya taru a ƙarƙashin hanci, saboda haka mai niyya ya ziyarci wanzami tun jajibiri, ko ya shafa man basilin a kan gashin. Maganar al'aura kuwa ba ta zama uzuri ba, tun da rigar nutso tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, ana iya ɗora wando mai yalwa a kanta, akwai kuma ta mata mai haɗe da lulluɓin kai.

Kada tsoron nutsewa ya hana ka sakin jiki. Ruwan Bahar Maliya yana da gishiri wajen giram 40 a kowace lita, ya fi na sauran tekuna da ke wajen 35, kuma gishirin nan yana tallafe mutum fiye da yadda Gagare ya taɓa yi masa. Wanda bai amince da iyonsa ba ya nemi rigar iska, ba abin kunya ba ne. Abin da zai wahalar da kai shi ne al'adar gulbi ta ɗaga kai kowane lokaci don a ga tsallake, wadda ke tsoma bakin bututu cikin ruwa, ka kurɓi gishiri, ka tashi kana tari kana neman wanda za ka zarga. In ruwa ya shiga bututu, hura shi da ƙarfi sau ɗaya, ya fita. Ka kuma tuna cewa bayan wuya da ƙwauri suna fuskantar rana tsawon sa'a guda ba ka sani ba, kuma baƙar fata ma tana ƙuna.

Da zarar numfashi ya daidaita, abin da zai fara riskarka shi ne ƙara, wani ƙaras-ƙaras da ba ya yankewa, wanda in ka bi shi da ido za ka tarar da kifi kore da shuɗi mai baki irin na aku yana gatsar dutsen murjani, yana niƙa shi a cikinsa, yana fitar da shi farin rairayi, har ya zama wani kaso na farin yashin da baƙi ke shimfiɗa tawul a kai daga cikin wannan kifi ya fito. Murjanin kansa, da ake gani kamar dutse ko itace, halitta ce mai rai, taron ƙananan dabbobi masu gina wa kansu gida da alli, wasu nau'o'in ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. In ka yi haƙuri ka tsaya wuri ɗaya, za ka ga wani babban kifi ya zo ya tsaya cak, ya wangame baki, ya buɗe marfin kunnuwansa, sa'an nan wani siririn kifi mai baƙin layi a gefe, wanda bai wuce tsawon yatsa ba, ya shiga cikin bakin yana tsince masa ƙwari da ragowar abinci tsakanin haƙora, ya fito lafiya, wasu kifayen kuma suna gefe suna jiran layi kamar rumfar wanzami ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi. Wanda ya yi shekaru yana karanta ambaton lu'ulu'u da murjani a Suratur Rahman, ya kuma ga wannan da idonsa, zai so ya yi tasbihi nan take, kuma ina ba shi shawara ya yi shi a zuci, domin buɗe baki a wannan hali yana sakin bututu.

Hukuncin hannu a nan guda ne, a naɗe shi a ƙirji. Ɗan gulbi ya saba duk abin da ya gilma sai ya cafke, amma wanda minjirya ta taɓa girgizawa ya san akwai halittar da ake gaisarwa daga nesa, kuma irinta sun yi yawa a teku: akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi masu karyewa cikin tafin ƙafa, akwai murjani mai ƙuna, akwai kifin da ke kwance kamar dutse da dafi a ƙayar bayansa. Gaskiya ne a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne, har mai harami ma an yarje masa farautar ruwa, amma halaccin ci bai zama izinin ɗauka a wurin da hukuma ta killace ba, kuma reshen murjanin da ka karya don tsarabar uwargida ya girmi aurenku. Jan murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa ma wani iri ne dabam, daga Bahar Rum ake ciro shi, a kasuwa ake saye.

Hawa na biyu shi ne nutso da tukunyar iska a baya, kuma shi ba a shigarsa sai da malami, kamar yadda ba a buɗe Muhtasar ba tare da an zauna gaban mai shi ba. Karatun farko na kwana uku ne ko huɗu, ana gwada mutum da iyon mita 200 da zama a saman ruwa minti 10, sa'an nan a ba shi shaidar da ta iyakance shi ga zurfin mita 18. Abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda muke shaƙa, an matse ta kawai, kuma sirrin karatun duka yana cikin mas'ala ɗaya, wato kowane mita 10 na zurfi yana ɗora wa jiki nauyi daidai da na dukkan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. Kunne ne ke fara shaida, don haka tun daga mita na farko ake toshe hanci da yatsu a hura a hankali har a ji ya buɗe, ana maimaitawa ana sauka. In ya ƙi, a ɗan hau sama a sake, kada a yi masa jarumta, kuma mai mura ya haƙura da ranar.

Babban sharaɗi, wanda ya saɓa wa duk abin da gulbi ya koya maka, shi ne kada ka riƙe numfashi ko da na ɗan lokaci. A gida gwanin nutso shi ne wanda ya fi kowa daɗewa bai shaƙa ba, har yara su fara kiran sunansa daga bakin ganga. A nan kuwa iskar da ka cika huhu da ita a zurfin mita 10 tana ninkawa biyu kafin ka iso sama, in ka rufe mata hanya sai ta yaga huhun. Haka kuma ba a tasowa da gaggawa, domin iskar naitirojin da ta narke cikin jini a ƙasa tana bukatar lokaci ta fita, in an yi hanzari sai ta zama kumfa a gaɓoɓi da laka, ta kai ga shanyewar jiki. Ana hawa a hankali, a dakata minti 3 a zurfin mita 5, kuma saboda wannan dalili ne ba a hawa jirgin sama sai bayan sa'a 12 ga wanda ya yi nutso ɗaya, 18 ga wanda ya maimaita, masu tsantseni kuma su cika yini da kwana. Wanda jirginsa na Kano ko Sakkwato zai tashi da asuba, to, jajibirin nan na sayen dabino da jallabiya ne. Mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da mai sikila, wadda ta yawaita a cikinmu, su ga likita tukuna, in ya hana su tsaya a hawa na farko, inda mafi yawan launi yake, tun da ja yana fara dushewa daga wajen mita 5.

Saura maganar gaisuwa, wadda na san za ta fi kowace tsaya wa Bazamfare a rai, domin a ƙarƙashin ruwa ba sallama, ba tambayar gajiya, ba ina iyali. Da yatsu ake zance, kuma ɗaga babban yatsa, da samarinmu ke yi don nuna komai lafiya, ma'anarsa a can a hau sama, don haka mai murna da ya ɗaga shi zai ga malami ya tattaro jama'a duka an koma jirgi ana tambayarsa abin da ya same shi. Lafiya lau ita ce haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe. Matsala kuwa, a shimfiɗa tafi a karkaɗa shi, a nuna wurin. Ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa, ana duba ma'aunin iska a kai a kai, in ya sauka kusa da 50 a sanar da malami ba tare da kara ba. A tsara fita yadda azahar ba za ta kuɓuce ba, alwala da ruwan teku ta inganta, kuma a kauce wa nutso da azumi a baki, gama ƙishirwa tana ƙara haɗarin ciwon nan na kumfa.

In ka dawo gida, za a taru a ƙofar gidanka a tambaye ka girman kifin da ka gani, kuma a nan ya wajaba ka san cewa gilashi da ruwa suna ƙara wa kowane abu wajen sulusin girmansa a ido, saboda haka kafin ka ware hannuwa a gaban dattawa, sai ka cire wannan sulusi, kada Sarkin Ruwa ya ji labari ya aiko a tambaye ka da wace homa za a kama shi.