Masu Koyon Jita a Bakin Dam ɗin Watari

Tun da wayar hannu ta kawo kiɗan Bombino na Agadas cikin ƙauyukan Bagwai, ba a rasa saurayin da ya rungumi jita da yamma bayan an tashi daga ban ruwa. Darasin farko bai taka kara ya karya ba: ki na C, sautuka bakwai, do re mi fa so la ti, sai a koma do. A tsirkiya ta biyu daga ƙasa za ka danna gaɓa ta 1, sai 3, 5, 6, 8, 10, 12, 13. Wato taku biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. Shi ke nan fa. Amma a kan wannan ɗan lissafi halin kowa ke fitowa.

Akwai Ɗan Gaggawa. Ranar da ya fara yake tambaya, "Malam, yaushe za mu shiga kiɗan Ali Farka?" Ka ce ya maimaita do re mi, sai ya ce ai wannan na 'yan firamare ne. Kafin tumatir ya nuna ya sayar da jitar ya sayi tattabaru.

Sai Shehin Waya. Ya haddace komai daga YouTube. Zai gaya maka tsirkiyu shida ne, E A D G B E, kuma ki na G sauti ɗaya kawai yake ɗagawa, wato F. Duk gaskiya ne. Miƙa masa jitar, sai ka ji yau yatsansa na ciwo, ko kuma ɗaurin bai yi masa ba.

Wanda ya fi ba ni dariya, kuma na fi ganin girmansa, shi ne Jikan Mai Gurmi. Kunnensa ya tashi da kiɗanmu na gargajiya, wanda galibinsa a kan sautuka biyar yake tafiya. Do re mi lafiya lau, so da la ma babu gardama. Amma da an zo fa da ti, wuraren nan biyu na taku ɗaya, sai ya tsallake su kamar mai tsallake kwata da fararen kaya. Ka ce, "Ka bar biyu a baya." Ya ce, "Yaya, ba su da daɗi ne." In ka matsa, ya tuna maka Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya zaga duniya, to shi da ke da shida me zai yi da ƙarin wahala? Abin haushin, in ya saki hannu ya fi kowa daɗin kiɗa, don haka malamin ma sai ya rasa bakin faɗa.

Mai Kanta kuwa manomin rani ne. Sabon shiga na kukan waya ta yanka masa yatsu, shi ko a jikinsa, fartanya ta riga ta gama wannan aiki. Matsalarsa kauri: yatsa ɗaya, tsirkiya biyu. Haɗin sautin C da na G yana lallaɓa su. Na F, mai son yatsa ɗaya ya kwanta a kan tsirkiyu, shi ne ke sa shi ya tashi wai zai duba injin ban ruwa.

Kada a manta da Ɗan Ɓoyo, wanda jitarsa ke kwana cikin buhun taki a gidan abokinsa, don Baba ya ce zuriyarsu ba maroƙi. Ya iya ki na C sarai, amma da raɗa. Har yau ba wanda ya ji ƙarshen waƙarsa, saboda tarin kowane dattijo na iya zama na Baba.

Mai Hoto ba sai an ɓata masa tawada ba. Tsirkiya huɗu ta rage a jitarsa, kuma a TikTok ba a ƙirgawa.

Na ƙarshe ba shi da laƙabi, don ba ya surutu. Ya ji labarin makaɗi Mdou Moctar ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, sai ya daina ƙorafin tasa ta aro ce. Kullum bayan la'asar yana hawa yana sauka a kan sautukan nan bakwai, har yaran unguwa sun fara yi masa dariya. Idan kana da biki bayan girbin shinkafa, shi za ka nema, kuma ka ba shi kafin alƙalami tun yanzu.