Sintetik Ko Minaral? Shawara Ga Mai Babur Kafin Ranar Juye

Idan kana son majalisa ta ɗauki zafi ba tare da an taɓo siyasa ko ƙwallo ba, ka tambayi masu babura wane baƙin mai ya fi. Mai Boxer zai rantse da nasa. Mai Jincheng zai ce tun yana saurayi iri ɗaya yake zubawa, kuma ga shi har ya aurar da 'ya injin bai buga ba. Can gefe wani zai gyara zaman hula ya ce shi sintetik kawai yake sa wa nasa, ya faɗa da muryar wanda jiya ya sauko daga jirgin Dubai. To malam mai babur, zauna in ba ka abin da za ka shiga wannan musu da shi, kuma abin hawanka ya kai ka gida lafiya.

Mu fara da sanin su waye 'yan takarar. Minaral shi ne wanda aka tace daga ɗanyen mai, aka zuba masa sinadaran wanke datti da hana tsatsa da rage cin ƙarfe. Sintetik kuwa an ƙara sarrafa shi a masana'anta har ƙwayoyinsa suka zama kusan bai ɗaya, shi ya sa ya fi jure zafi, bai cika ƙonewa ya bar dauɗa a inji ba, kuma da sanyin asuba yana saurin zagaye inji. Ba sabon abu ba ne; Mobil 1 ya shigo kasuwa tun 1974. Akwai kuma na tsakiya, wanda aka gauraya biyun, mai saukin kuɗi a kan sintetik zalla. A ɗakin gwaji, sintetik ne gwani, babu musu. Sai dai babur ɗinka ba a ɗakin gwaji yake kwana ba, a zaure yake kwana, ya wuni yana shaƙar ƙura da buhu biyu na masara a bayansa.

Abu na farko da za ka yi, ka nemo littafin da aka ba ka ranar da ka sayi babur. Na san inda yake. Ko yara sun zana kyanwa a bayansa, ko uwargida ta fifita gawayi da shi. A karɓo shi cikin lalama. A ciki waɗanda suka ƙera injin sun rubuta kaurin man da ya dace da shi, 20W-50 ne ko 10W-40 ko 10W-30, da kilomita nawa za ka yi kafin juye. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana injin na sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya gasu. Wannan lamba ta fi sunan sintetik ko minaral muhimmanci. Ka zuba sintetik mai tsada wanda kaurinsa bai dace ba, ka yi kwalliya ne da kuɗinka, inji bai amfana ba.

Yanzu ga wurin da mutanen kirki da yawa ke faɗawa rami da kyakkyawar niyya. Maigidanka mai mota ya yi juye, ya rage lita guda ta sintetik a galan, ya miƙo maka don zumunci. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka yi masa addu'a, sannan ka karanta bayan galan ɗin kafin ka buɗe murfi. A mota, inji da giya kowa da mansa. A yawancin baburanmu kuwa inji da giya da kuloci a akushi ɗaya suke cin tuwo: mai ɗaya ne yake shafa fistin, ya bi ta haƙoran giya, ya kuma jiƙa faifan kuloci. Man mota na zamani an ƙara masa sinadarin santsi don a rage shan fetur, shi kuwa kuloci da kamu yake aiki. Idan santsi ya yi yawa, za ka murɗa totur, inji ya yi ta ihu har unguwa ta leƙo, babur kuma yana tafiyar tsohuwar da ta fito daga gidan suna. Saboda wannan ne masu ƙera babura a Japan suka fitar da ma'aunin JASO a 1998. Ka nemi rubutun 4T, da JASO MA ko MA2 a jikin roba. Idan MB ka gani, wannan na ƙananan baburan nan ne marasa giyar ƙafa, waɗanda kulocinsu ba ya cikin mai. Mai tsohuwar Vespa da ake gauraya mata mai da fetur, kai naka 2T ne, ka ci gaba da shan shayinka, musun bai shafe ka ba.

Sai maganar ƙasarmu, wadda ita ce zuciyar zancen. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana haura digiri 40, kuma injin ƙaramin babur ba shi da lagireto, iska ce kawai ke sanyaya shi. Ka tsaya a cunkoso da tsakar rana, iskar ta tsaya, mai ya yi ta dahuwa. A nan sintetik yana da hujja mai ƙarfi. Amma idan hunturu ya shigo, ƙura tana bi ta matatar iska ta shiga inji, kuma yawancin ƙananan babura ba su da filtar mai ta takarda irin ta mota, 'yar raga ce kawai da wani ɗan kasko mai juyawa da ke tara datti. Ƙurar nan ba ta tambayar nawa ka sayi mai. Da ta shiga, ta zama garin goge ƙarfe, ko a sintetik ko a minaral. Haƙoran giya ma suna ta tauna man suna rage masa kauri. Ga kuma ƙarancinsa: abin da injin irin su Boxer ke ɗauka kusan lita guda ce kawai, kuma ita kaɗai ke duk wannan wahala.

Don haka wanda ya sayi sintetik da niyyar ya manta da bakanike har babbar salla ta zagayo, ya yi lissafin da ba zai fita ba. Ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu da ke bin hanyar ƙauye kullum, a ganina minaral na gaskiya mai tambarin JASO MA, ana juye shi a kan kari, ana wanke matatar iska, ya ishe shi ya yi shekaru yana neman halak ɗinsa. Wanda kuma ke da babban babur mai gudu, ko yake doguwar tafiya daga Kano zuwa Zariya da rana tsaka ba tsayawa, ko littafinsa ya ce sintetik, to ya sa hannu a aljihu, kuɗin ba asara ba ne. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, na tsakiyan ya wadatar da shi, sai dai ya riƙa duba kalanda, domin mai yana tsufa ko da babur na ajiye.

Sabon babur kuwa a bar shi ya saba da duniya. Juyen farko a yi shi da wuri kamar yadda littafi ya ce, saboda ɓarɓashin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa. Kada ka ji tausayin man don yana da sauran haske.

Akwai wani ɗan takara kuma da ba a gayyace shi ba amma ya fi kowa magoya baya, wato man da ake aunawa a tsohuwar robar ruwa a bakin titi. Ba suna, ba lamba, ba ranar da aka yi shi. Mai sayarwa zai ɗiga maka a yatsa ya ce, "Yallaɓai, taɓa ka ji kauri." Yatsanka ba ma'aunin mai ba ne, ɗan'uwa. Wani ɗanyen tushen mai ne da ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. Har a cikin roba mai kyan gani ana samun jabu, kuma mai tsada shi ake fi kwaikwaya domin a nan ribar take. Hukumar SON ta sha kama irin waɗannan kaya a Najeriya. Ka saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, ka duba hatimin murfi, a buɗe robar a gabanka, a zuba a gabanka. Bayan an gama ka huda robar ko ka tafi da ita gida, kada ka bar ta ta sake zagayowa kasuwa da wani abu a cikinta. Idan aka ce maka ga sintetik a kuɗin minaral, ka yi sallama cikin mutunci ka tayar da babur.

Sauran zantukan majalisa kuwa a gurguje. Wai idan ka fara sintetik ba ka da ikon komawa minaral: kana da iko, ba ɗaurin aure aka yi ba. Wai ba a haɗa su: idan mai ya yi ƙasa a hanya, ka cika da wanda ka samu mai kaurin da ya dace, ya fi ka tafi da inji a bushe. Wai sintetik yana sa yoyo: a tsohon inji yakan wanke dattin da ya toshe tsaga, sai yoyon da ke ɓoye ya bayyana, maganinsa canza sil. Wai mai ya yi baƙi ya mutu: baƙin yana nuna ya kwaso datti, aikinsa ke nan, kilomita da kwanaki za ka ƙirga. Idan kuma salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, babu man da zai gyara ringin da ya cinye, ka kai wa bakanike.

Tsohon man da aka juye, don Allah kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a ciwo. A tara shi a jarka a rufe.

Kai kuma malam mai babur, gobe da safe kafin ka buga kik, ka tsayar da shi a miƙe, ka zaro geji, ka goge, ka mayar, ka duba inda mai ya tsaya. Idan ka manta ranar da ka yi juyen ƙarshe, ka wuce wurin bakanike kafin ka ɗauki fasinja ko ka nufi ofis.