Loka mai kulle kanta, sai godiya

Duk wanda ya mallaki Hilux ko Land Cruiser, alhali doguwar tafiyarsa ita ce daga gida zuwa ofis, a biya a sauke yara a makaranta, to ya sani motarsa na cikin babban rashi. Aksul ɗinta na baya ba shi da loka mai kulle kanta. Abin mamaki ne yadda irin wannan bawan Allah yake samun barci.

Masu ƙera mota, don tsabar son jiki, sun cusa waɗansu ƙananan giyoyi a cikin tulun aksul, masu barin tayar waje ta fi ta ciki gudu in an sha kwana, wai don hanyarta ta fi tsawo. Sai ka ga mota ta juya shiru, ba ƙara ba gargada. Lalaci ke nan. Aibin giyoyin nan shi ne, in taya ɗaya ta faɗa taɓo ko ta rataye a sama, ita kaɗai za ta yi ta wulwulawa, 'yar'uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa na tsaye tana kallo. Hakan na samun maigida ranar da ya leƙa gona da damina, ko ya je ƙauye yawon salla. Adalci kuwa shi ne sauran ranakun shekara su biya kuɗin wannan wulaƙanci.

Uwar lokoki ita ce Detroit Locker, wadda ta samo asali a Amurka tun shekarun 1940, yanzu kuma tana hannun kamfanin Eaton. Ta yi aiki a manyan motocin soja, ta yi a motocin tseren NASCAR. Soja da ɗan tsere kuwa ai su ne abin koyin mai kai uwargida cefane. Wanda aljihunsa bai kai ba, ga su Lock-Right da Aussie Locker da Spartan da Lokka: bakanike ya kwashe ƙananan giyoyin nan, ya zuba lokar a gurbinsu, shi ke nan ka zama namiji.

Irin wannan loka kullum a kulle take, tayoyin biyu na juyawa tare. In ka shiga kwana sai tayar waje ta zame daga haƙoranta, ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ƙarfin inji duk ya tare a tayar ciki. Ka kuskura ka taka totur a tsakiyar shataletale, sai gam! haƙora su sake kamawa, bayan mota ya zabura kamar jakin da ƙudan zuma ya harba. Nan take na kujerar baya su ɗauki salati, wani ya ce, "Alhaji, tsaya, wani abu ya karye." Babu abin da ya karye tukuna. Wace mota ce kuma take tuna wa fasinja Mahaliccinsa kyauta a kowace kwana? In mai giyar hannu ce, duk sa'ad da ka taka kuloci ka sake sai ta ɗan karkace, don kada gyangyaɗi ya ɗauke ka.

Ga taimakon talaka. Loka na son tayoyin baya su zama girma ɗaya, iska ɗaya. In ɗaya ta ɗan fi ɗaya, sai ta yi ta kamawa tana saki a miƙaƙƙen titi. Mai sayen tayar Beljiyam ɗaya yau, ɗaya wata mai zuwa, zai saba da mai faci har su ƙulla zumunci. Kwalta kuma za ta riƙa gurzar tayar a kowane juyi, mai sayar da taya ya samu na tuwo.

Sai dai babbar baiwarta ba ta bayyana sai ranar ruwan farko, lokacin da ƙura da baƙin mai suka jiƙe a kan kwalta, bodin Hilux kuma wayam ba kaya. A motar ragwaye, taya ɗaya ce ke sulɓi, ɗayar ta riƙe hanya. Mai loka kuwa ba ta nuna bambanci: su biyun suke sakin ƙasa tare, bayan mota ya taso yana neman wuce gabanta. Darasin tuƙi ne da babu makarantar da ke bayarwa.

Mai cikakkiyar zuciya har a gaba yake sa ta, ko da motar irin su Land Cruiser 80 ce ko Prado masu jan ƙafa huɗu kullum, duk da masu ƙera lokar da kansu sun ce kada a yi. Sitiyari zai ƙi jin magana, shaf ya karye a kan lokaci. Bakanike ma ai yana da iyali.

Za ka ji matsorata na zancen loka mai maɓalli. Kamfanin ARB na Ostireliya yana sayar da mai aiki da iska tun 1987, Eaton na da mai lantarki, Toyota ma na sa tata a waɗansu motocin, har da gargaɗin kada a wuce kilomita 8 a awa in an kulle. Ka danna a cikin taɓo, ka fita, ka kashe, motar ta koma lafiyayya. Ina jarumta a nan? Suna biyan kuɗi mai kauri sau ɗaya su huta, mu kuwa kaɗan-kaɗan muke biya har motar ta tsufa. Direbobin Agadas masu ratsa Tenere zuwa Dirku su ma in rairayi ya kama su, iskar taya suke ragewa, su ɗauko shebur. Me suka sani game da yashi?

Je ka sayo, malam. Ka haɗo da sababbin tayoyin baya guda biyu, ka kuma roƙi bakanikenka kada ya riƙa kashe waya da daddare.