Zuwa ga Kaka Adaka, bindigar da ke tashi ran da ta ga dama

Kaka, jikokinki na Matazu suna gaishe ki. Suna tambayar ya tsufa, ya kuma sanyin damina da ke shiga miki ƙashi. Sun ɗora wa mai wannan rubutu nauyin isar da saƙo, sun ce ya faɗa yadda yake, tunda tsakanin jika da kaka ba a riƙo.

Ƙorafinsu ɗaya ne. Mutum ya kwana a bakin gonar masara yana dakon birai, ko ya laɓe tun asuba yana jiran fakara. Abin ya zo daidai saiti, ya ja kunama, ke kuma kika ce "ƙas", kika yi gum. Fakara ta tashi. Biri ya juyo ya dubi mai gona, ya karya zangarniya ta biyu.

Shi ya sa sunayenki suka yi yawa. Masu ladabi na ce miki adaka, 'yan jarida bindigar toka, marasa kunya kuwa harba-ka-ruga, wai don duk wanda ya harba ki sau ɗaya, sauran aikin na ƙafarsa ne. Turawa ma ba su bar ki ba. Sun laƙaba miki sunan mutanen Denmark, fataken da suka riƙe ganuwar Christiansborg a Accra suna sayar da irinki, har suka sayar wa Ingila wurin a 1850.

Jikokin ba su manta kin ga jiya ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron kansa. A Damagaram, Sarki Tanimun ya tara bindigogi har ya sa ana ƙera masa igwa a Zinder. Sai 1903 ta zo, sojan Lugga suka iso Kano da bindiga mai ruwan harsashi, aka gane zamani ya wuce ki. Yau shekara sama da 120 ke nan, ba wanda ya ba ki fansho.

Maƙeran da ke duba lafiyarki sun san cututtukanki kamar yadda ungozoma ta san matan unguwa. Na farko raɓa. Albarushi ya sha danshin Agusta, ba tartsatsin da zai tashe shi. Na biyu ɗan ramin nan da wuta ke bi ta isa ga albarushi, wanda toka da tsatsa ke toshewa. Na uku ƙarfen da ke ba kunama ƙarfin duka ya gaji, sai ya riƙa shafa maimakon mari. Duk waɗannan ana yafe wa tsohuwa.

Abin da ba a yafewa shi ne halinki na yin shiru sannan ki tashi a makare. Wutar ta kama, tana ci a hankali, mai ke ya zaci kin ƙi, ya sauke ki daga kafaɗa, wani ma rashin sani ya sa ya leƙa bakinki. Tsofaffin maharba na da doka a kan wannan: idan kika yi shiru, a bar bakinki yana kallon inda ba kowa, a jira, a ƙara jira. Wanda kuma ya cusa miki albarushi fiye da kima don ki yi ƙara a gidan biki, ki fashe masa a hannu, wannan ba ya cikin masu ƙorafi. Yana can yana ƙirga yatsu.

Kada ki ce an tsane ki ne don kin tsufa. Jikanyarki 'yar gayu, ƙaramar bindigar nan fistol mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, ita ma tana da irin wannan taurin kai. A cikinta akwai wata siririyar allura da ke zuwa da gudu ta daki gindin harsashi. Allurar na kai da komo ne cikin wani matsattsen rami, kuma abin dariyar shi ne yawanci ƙauna ce ke kashe ta. Mai ita ya yi ta ɗura mata mai, man ya gangara cikin ramin, ƙurar hunturu ta same shi, hayaƙin harbi ya ƙaru a kai, sai abin ya zama ƙullu. Allura ta riƙa tafiya kamar mai tsallaka fadama, ta isa a gajiye, ta ɗan taɓa harsashi ta bar masa tabo kawai. Wani lokaci kuma ta maƙale a gaba, wanda ya fi haɗari, domin bindiga na iya tashi ba a taɓa kunama ba. Maganin ba ya wuce a fitar da harsashi duka, a kai ta wurin masanin gyaran makamai ya wanke ramin ya bar shi a bushe, ya sauya ƙarfen da ya gaji.

Sai dai manomin Matazu a ƙugun jami'i yake ganin wannan yarinya, ko a fim. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, sai da lasisin shugaban ƙasa. Ke kuwa takardarki a hannun kwamishinan 'yan sanda take. Talaka dai ke ce rabonsa.

A nan rahar take yin ɗaci, Kaka. Da, aikinki zomo ne da gafiya da korar biri. Yanzu mutanen da ke fitowa daga dajin Rugu a kan babura, bibbiyu da uku-uku, suna ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30 a ɗuri guda. Kafin a zuba miki albarushi, a tura tsumma, a danna da sanda, an gama abin da aka zo yi. Mutanen yankin sun ga yadda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020. Sun ji abin da ya faru a masallacin Unguwar Mantau ta Malumfashi da asubar wata Talata a Agustan 2025. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Da yawa suka leƙa ƙarƙashin gado, ke suka tarar, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinki. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, matasa kusan 1,500 a zubin farko. An ji daɗi, amma ƙauyuka sun fi su yawa, dare kuma dogo ne, don haka ɗan banga bai daina rataya ki ba.

Mai rubutu ya gaya wa masu ƙorafin cewa da sake a ƙararsu. Wanda ya jingine ki a ɗaki mai yoyo wata shida, bai goge ki ba, bai shanya albarushinsa ba, ba shi da bakin zargi. Kuma ba ke kika nemi aikin soja ba. Sun saurara, sun ce haka ne, amma duk da haka a rubuta.

Abin da ya fi ba su haushi ma shi ne ranar hawan Sallah. A ƙofar fadar Katsina, gaban sarki da baƙi, 'yan bindiga na ɗaga ki sama ki yi ta aman wuta da hayaƙi, dawakai na zabura, mata na guɗa, ba a cika jin kin ce "ƙas" ba. To, ga roƙonsu. Masara ta fara bushewa, waken soya na jiran yanka, auduga za ta bi hanyar Funtuwa. Sun yi alkawarin kai ki wurin maƙeri kafin kaka ta kankama, za su ɗinka miki riga ta fata saboda raɓa. Ke kuma idan kin tashi yin shirunki, ki yi shi ran farautar zomo.

Jikokinki na Matazu, ta hannun magatakardansu.