Mun Share Hanya, Baƙo Ya Biyo Sama

Duk mai son sanin yawan mutanen Kankia, kada ya wahalar da hukumar ƙidaya. Ya aro jirgi mai saukar ungulu, ko babu kowa a ciki, ya sa shi ya kewaya gari sau biyu. Kafin farfela ta tsaya kowa ya fito. Mai shayi ya bar buta a wuta, tela ya bar wandon ango ƙafa ɗaya, har dattijon da ciwon gwiwa ya hana jam'in Asuba tun bara sai ka gan shi a sahun gaba yana ture jikokinsa.

Ni ganau ne. Wata shekara aka ce wani babba zai zo daga Abuja. Nan take aka kafa kwamitin tarba, kwamitin ya haifi ƙananan kwamitoci, mafi cikarsu shi ne na abinci. Kwana uku ana aiki. Aka shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, aka yi wa itatuwan darbejiya farin wando har gwiwa, aka cike ramukan da suka shekara suna cinye tayoyinmu da jar marmara. Ran zuwa, tun hantsi aka jera 'yan makaranta a rana, kowa da 'yar tutarsa, makaɗa na gefe, manyan gari sun sha shadda mai maiƙo, duk mun zuba wa hanyar Katsina ido.

Sai bayan Azahar muka ji ƙara, amma ta bayanmu, kuma daga sama.

Ashe baƙo bai san da hanyarmu ba. A wani filin ƙwallo ya sauka. Ranar na ga gudun da ban taɓa zaton babbar riga na iya yi ba. Muna isa iskar farfela ta tarbe mu: huluna suka tashi kamar tantabaru, ƙura ta mayar da farar shadda ruwan ƙasa, mai tallar ƙosai ta samu ƙarin yaji kyauta. Direban jirgin bai ma kashe inji ba. Baƙo ya fito, ya ɗaga hannu, bakinsa ya yi motsi na 'yan mintoci, muka yi tafi, ya koma. Har yau ba wanda ya ji abin da ya ce, amma ban taɓa haɗuwa da wanda bai fassara mini jawabin ba.

Shugaban kwamiti ya karkaɗe gemu ya ce, "Alhamdu lillahi, ya ga halin da muke ciki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga ina ya gani?"

Domin daga sama kowane gari Dubai ne. Kwanon da ke yoyo ƙyalli yake yi, rami a titi bai fi ɗigon tawada ba, layin mata a bakin rijiya kuwa sai ka ce ado aka yi wa gari. Tsakanin Katsina da Kankia tafiyar kamar kilomita 60 ce, ka bi ta Charanchi, abin da motar haya ke yi kullum da mutum huɗu a baya, biyu a gaba, da akuya a but. Amma babba in ya biyo ƙasa darajarsa ta ragu, kuma mu ne za mu fara faɗa: "Wai a mota ya zo? To, ba a yi da shi a sama."

Kankia da Kusada da Ingawa ɗan majalisar wakilai ɗaya suke rabawa, ba a taɓa jin kansu ba. Jirgi ne dai ba ya rabuwa. Wani abokina ɗan Kusada ya tare ni a Gidan Mutum Ɗaya, ya rantse cewa kansu jirgin ya fara bi, har inuwarsa ta ratsa gonar babansa, kuma geron bana ya fi na bara. Na ce amma a wurinmu ya sauka. Ya ce, "Mai ne ya ƙare masa."

Ga mu kuma da iya sharhi. Jiragen fadar shugaban ƙasa sojojin sama ke tuƙa su, wanda shugaba ke ciki shi ake kira lamba 001. Da aka sauya tsohon Boeing 737 na zamanin Obasanjo da Airbus A330 a 2024, shekara guda bayan cire tallafin mai, kowace majalisar dare ta zama kwamitin kasafin kuɗi. Haka aka yi a Janairun 2020, da 'yar shugaban ƙasa na lokacin ta hau jirgin fada zuwa Bauchi ɗaukar hotuna: mun yi faɗa har shayi ya huce. Amma da jirage suka cika filin jirgin Kano lokacin wani ɗaurin aure a Bichi a Agustan 2021, mu ɗin nan ne muka kwana muna ƙirga su a waya, muna musu kan na wa ya fi tsawo. Marigayi Buhari, Allah ya ji ƙansa, in ya sauka filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, mai saukar ungulu ke ƙarasawa da shi Daura. Tun daga nan har kansila mafarkin farfela yake yi. Da dare mu zagi jirgi, da safe mu bi shi da gudu, da yamma mu sa hotonmu a Facebook, hannu ɗaya a aljihu, jirgi can baya kamar na gidanmu.

Yanzu ma ƙarar ta kasu biyu. In aka ji ta, tambayar farko ita ce, "Na biki ne ko na daji?" Na daji shi ne mai wucewa yamma, wajen dajin Rugu, wanda mutanen ƙauye ke kira a waya in ɓarayi sun shigo. Na biki ba a kiransa, kuma bai taɓa rasa mai ba.

Wani kawuna da ke noma a ƙauye ya ce ya gano bakin zaren. Ya ajiye buhun farar ƙasa da jan ƙyalle da almakashi a ɗakinsa. Na ce, "Kawu, na mene ne?"

Ya ce, "Ɗana, ran da muka ji baburan mutanen nan sun doso, ba sojoji zan kira ba. Ƙyallen zan ɗaura a bakin tsohuwar rijiyarmu, in buga Abuja in ce an gama aiki, a turo minista ya buɗe."