Jarina Yana Cikin Gwangwani

A unguwarmu ta Ƙofar Sauri, in ka tambayi sana'ata, za a ce maka shirya duwatsun ado nake yi: sarƙar wuya, 'yan kunne, abin hannu, jigida, wani lokaci har da carbi. Ni ma haka nake faɗa a gidan biki. Amma tsakani da Allah, in aikin da na fi yi za a duba, ni mai sayen duwatsu ce. Shiryawa kuwa sai ranar da ta kama.

Ba na fita da niyyar ɓarna. Zaren roba ne zai ƙare, ko maƙallin sarƙa, abin da bai taka kara ya karya ba. Sai in hau Napep in nufi Babbar Kasuwa, ina jan kunnen kaina tun daga hanya. Mai shagon da nake zuwa ya riga ya gane lagona. Ba ya talla, ba ya roƙo. Sai dai ya jawo wata leda daga ƙarƙashin kanta ya ce, "Hajiya, ba don ki saya ba, ki dai gani." A nan ake gamawa da ni. Ya ɗaga silin duwatsu masu ruwan zuma a hasken ƙofa, ni kuma in fara ƙirƙiro amaryar da za ta sa su, da kalar leshinta, da ɗaurin ɗankwalinta, alhali ko baikonta ba a yi ba. Sau da yawa sai na dawo gida nake tuna zaren da ya fitar da ni.

A da ina da mafaka, in ce ban zo da kuɗi ba. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, da ya koya wa kowa tiransifa, wannan ƙofar ta rufe. Da aka saki Naira a tsakiyar shekarar, kayan waje suka yi ta hawa, sai na samu hujjar da ta fi ƙarfin kowa: in ban saya yau ba, gobe ya ƙara kuɗi. Kuma gaskiya ne, yana ƙarawa, domin yawancin duwatsun gilas da na roba da muke aiki da su daga Sin ake shigo da su. Abin da ba na faɗa shi ne, ribar da ban sayar na karɓa ba, a baki kawai take.

Babbar masifar ita ce ɗan ilmin da na tara. Na san dutsen gaske sanyi gare shi in ka ɗora a kumatu, ga nauyi a tafin hannu. Na san gilas kan ɓoye 'yan kumfa a cikinsa, roba kuwa allura mai zafi ke tona mata asiri. Na san jan murjani na asali daga teku ake ciro shi, musamman Bahar Rum, ba daga ƙasa ba. Na san Nufawan Masaga a Bida suna narka kwalabe su yi duwatsu da awarwaro, na san jan dutsen lantana da fataken Hausawa suka riƙa kai wa masu fere shi a Ilori a da. Wannan sani bai taɓa hana ni sayen na jabu ba. Sai dai in saye shi ina sane, in ce na gwaji ne, sannan in ƙara da na gaske don sayen nagari mai da kuɗi gida. Har yau kuɗin suna hanya.

Ranar da na shiga Kasuwar Kurmi a Kano, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, dubiya ce ta kai ni garin. Na yi dubiyar a tsaitsaye. Kuɗin motar komawa Katsina kuwa ƙanwata ce ta turo, tare da tambaya ɗaya: "Yaya, duwatsun ne kuma?"

Yanzu gwangwanayen madara sun cika, robobin man shafawa sun cika, har langar da Inna ta sa mini cikin kayan ɗaki ta zama ma'ajiyar tsakiya. Wasu duwatsun ma ba na iya rabuwa da su. Mata ta zo ta nuna wanda take so, sai in ji bakina ya ce an riga an biya. Maigida ya daina magana, sai dai in ya taka ɗaya da asuba ya yi salati mai tsawo.

Don haka, 'yan uwa mata, mai biki a gaba ta zo ta zaɓa, zan yi ragi. Mai ɗaukar adashinmu kuma, don Allah kwasata ta wannan wata ki miƙa wa ƙanwata. Ko na rantse miki zare zan saya, kada ki ba ni a hannu.